Ɗana ɗan wata 10 an ce SS ne, zai rayu kuwa? Ga amsata

Assalamu alaikum. Wata baiwar Allah daga nan Maradi ta turo min saƙo mai tsawo, ga shi a taƙaice. Ɗanta na uku ɗan wata 10 ne, hannuwa da ƙafafu sunka kumbura shina ta kuka dare da rana, anka kai shi asibiti anka yi analiz anka ce emasi ce, wato ciwon sikila, SS. Yayyenshi biyu lafiyarsu lau. Dangin miji na cewa daga gidansu ta kwaso don su ba su san ciwon ba a zuri'arsu, shi kuma maigidan ya ce jininshi O+ ne ba abin da ke gare shi. Wata tsohuwa ta ce mata irin yaran nan ba su girma, a dai yi mishi tsaga a ciki a ba shi jiƙo. Tana tambaya: ana warkewa? zai rayu? in ta sake haihuwa haka za a yi?

To ƙanwata sannu, Allah ya ba yaro lafiya ya ba ki ladan jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a sashen yara na yi yawancin aikina, don haka abin da zan gaya miki abin da muke gaya ma uwaye ne kullum, sai dai a can layi ya yi tsawo ba mu samun zama mu yi bayani yadda ya kamata.

Bari in fara cire miki wanga nauyi na zargi tukun don na san shi ya fi ci miki rai. Ba a haihuwar yaro SS daga mutum ɗaya. S ɗaya daga uwa ya zo, ɗayan daga uba, babu wata hanya. In ɗanki SS ne to ke kina ɗauke da S, babanshi ma shina ɗauke da S, ko ya yarda ko bai yarda ba. Mai AS lafiyayye ne, shina noma shina kasuwa shina ɗaukar buhu, zai iya tsufa bai taɓa sanin shina da ita ba, shi ya sa dangi ke rantsuwa su ce babu a gidansu. Kuma in kin tona da kyau a gidajen da ke cewa babu, sai ki ji labarin wani ƙane da ya rasu shina ƙarami da "shawara", ko wata gwaggo da anka ce wabi take yi ɗiyanta ba su tsayawa, ko wani da ya yi ta fama da sanyin ƙashi. Da can ba a gwaji, suna kawai ake ba abin. A ƙasarmu da maƙwabciyarmu Najeriya wajen mutum 1 cikin 4 ko 5 na ɗauke da S ɗin nan, kin ga ko ba gidan da zai bugi ƙirji.

Maganar O+ kuma, dan Allah ki karanta ma maigidan wanga wuri. O, A, B, AB da alamar + ko − rukunin jini ne, shi ake dubawa in za a yi ma mutum ƙarin jini. AA, AS, SS, AC, SC wani gwaji ne dabam, shi yake nuna irin sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ake ce ma emogulobin. Mutum na iya zama O+ kuma AS, ko O+ kuma SS ma. Biyun ba su da haɗi ko kaɗan. Wanga ruɗani ya kashe aure ya kuma ɗaura auren da bai kamata a ɗaura ba.

Sannan ko a gwajin emasi ɗin kanshi akwai wani rami da mutane ke faɗawa. Gwajin da anka fi yi a ƙananan wurare shi ne na Emmel, mai sauƙin kuɗɗi, amma abin da yake faɗi kawai shi ne akwai S ko babu. Ba ya raba AS da SS, duka biyun "pozitif" zai ce. Na sha ganin uwa ta zo tana kuka an ce ɗanta na da emasi, a yi babban gwajin a ga AS ne, yaro lafiya lau an shekara ana hana shi wasa. Kuma ba ya ganin C sam, mai AC zai fito "negatif" ya tafi da murna ya auri mai AS su haifi SC, wanda shi ma ciwo ne duk da yawanci bai kai SS tsanani ba, amma shina taɓa ido da ƙashin ƙugu sosai. Gwajin da ke raba gardama shi ne elektiroforez, wanda mutanen Katsina da Kano ke ce ma jinotayip. Shi za ki nema, ke da maigida da yaran nan biyu da kike cewa lafiyarsu lau. Sai dai wanda anka yi ma ƙarin jini ya jira wata 3 kafin ya yi, in ba haka ba jinin wani za a auna.

Abin da ke faruwa a jikin ɗanki shi ne, ƙwayar jini ta mai lafiya zagayayya ce mai laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta cikin ƙananan jijiyoyi, tana kai wajen kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai SS in iskar da take ɗauke da ita ta ragu, ko ruwan jiki ya yi ƙasa, ko sanyi ya kama, ko zazzaɓi, sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale ta toshe hanya, inda jini bai kai ba nan ciwo ke tashi. Kuma kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya sa kullum jininsu ƙasa yake, ido ya yi ɗorawa-ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Kina iya cewa to me ya sa da anka haife shi ƙalau yake? Jariri na zuwa da wani irin jini na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ke kare shi, bayan haihuwa ya riƙa ja baya, zuwa wajen wata 6 sai ciwon ya fito fili. Kumburin hannu da ƙafa da kinka gani shi ne alamar farko a wurin yara da yawa. Ba maye ba ne, ba iska ba ce, ba nononki ba ne.

Yanzu ga babbar tambayarki, zai rayu? Rai na hannun Allah, amma maganar tsohuwar nan ba gaskiya ba ce a yau. A Faransa da Ingila da Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na yaran da anka haifa da ciwon suna kai girma. A Afirka kudu da Sahara kuma, inda mafi yawan masu ciwon suke, ana ƙiyasin rabi ko fiye ba su kai shekara 5 a wuraren da ba a gano su ba kuma ba a bi su da magani. Jini iri ɗaya, ciwo iri ɗaya. Kuma abin da ya kawo wanga tazara tun farko ba wani aiki ne na miliyoyi ba, gano yaro da wuri ne, da penisilin, da rigakafi, da uwa da ta san lokacin da za ta saɓa yaro ta ruga. Ni a abin da idona ya gani, ciwon ƙashin nan da ke sa yaro ihu ya tada hankalin gida duka ba kasafai shi ke ɗaukar rai ba. Masu ɗaukar rai shiru suke zuwa: zazzaɓi, ƙarewar jini farat ɗaya, ciwon ƙirji. Sai kuma "bari mu gani zuwa safe", wanda ya fi su duka.

Zazzaɓi tukun. Saifa ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, to a wurin mai SS tun shina ƙarami saifar ke lalacewa, don haka ƙwayar cutar da za ta sa ɗan maƙwabta mura ta kwana biyu shi tana iya shiga jininshi ta gama da shi cikin awowi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi ki aje, ki daina awo da bayan hannu. In ya kai 38.5 asibiti, a lokacin, ko ƙarfe 2 na dare ne, ko ana ruwa, ko maigida ya tafi Dan Isa bai dawo ba. Ku yi maganar nan da shi tun yanzu ya ba ki izini na dindindin, ki riƙe lambar wani ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita na unguwa da kinka yarda da shi, ki ware ɗan kuɗɗi a ƙulle wanda ko biki ya taso ba a taɓa shi. Paracetamol na sauke zafi amma ba ya kashe ƙwayar cuta, jiki ya yi sanyi ki ce an samu sauƙi alhali abin na ci a ciki. In kin isa kada ki zauna a layi kina kunya, ki faɗa da bakinki tun daga ƙofa: yaron nan SS ne kuma shina da zazzaɓi. Duk ma'aikacin da ya san aikinshi zai shigo da ke.

Sai saifa kuma ta wata fuskar, nan ne zan daɗe don shekarun ɗanki ne daidai lokacinta. Wani lokaci jini na taruwa a cikin saifa ya ƙi fita, ta kumbura, cikin yaro ya tashi ta hagu, jinin da ke yawo a jiki ya ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci. Yaron da ya yi wasa da safe sai ki gan shi da la'asar ya yi laushi, ya ƙi nono, numfashi sama-sama, tafin hannu fari fat. Ki koyi duba wuri uku kullum in kina mishi wanka: tafin hannu, cikin fatar ido ta ƙasa, da harshe. Ki san kalarsu ranar da yake lafiya don ki gane ranar da sunka canza. Kuma randebu na gaba ki ce ma likita ya kama hannunki ya nuna miki yadda ake taɓa saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ba wuya wallahi, uwayen da ba su taɓa shiga lakwal ba sun iya, wasu har sun fi mu saurin ganewa don su ke tare da yaron. In kin ji ta sauko fiye da inda kinka saba ji, ko ya yi fari, wanga ba na jira ba ne, ƙarin jini yake so. To kin ga inda tsagar nan ke cutarwa: yaron da jininshi ke ƙarewa a kai shi gun wanzami a zubar da sauran, a buɗe ma ƙwayoyin cuta ƙofa a fata, a kuma ɓata awowin da sunka fi tsada. Ba na raina wanzamai, suna da aikinsu, amma tsaga da ƙaho da cire belu ba na ɗanki ba ne. Ko kaciya in lokaci ya yi a asibiti za a yi, a gaya musu SS ne tun kafin su fara, a auna jininshi tukun.

Tari da ciwon ƙirji da numfashi da ƙyar, musamman in sun biyo bayan ciwon ƙashi, shi ma gudu ne. Haka in kin ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, ko farfaɗiya, ko da abin ya wuce bayan minti kaɗan. Mutane na mamaki in an ce yaro ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai a tafi wajen masu ruƙiyya a ce shafar aljani ce, alhali wajen 1 cikin 10 na masu SS na samunta kafin su kai shekara 20 in ba a yi rigakafi ba. Ki yi addu'a ki yi tofi a kan hanya, ba wanda ya hana, amma hanyar ta zama ta asibiti. Akwai wani awo na jijiyoyin kai da ake ce ma dopila, ana fara shi daga shekara 2 a riƙa maimaitawa duk shekara, shi ke nuna yaron da ke cikin haɗari tun abin bai faru ba, in ya kai ki tambaya inda za a yi mishi.

Na kullum kuma ba su da yawa amma naci suke so. Penisilin safe da yamma har ya kai aƙalla shekara 5, ko lafiyarshi lau, ai don lafiyar ake sha. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya nuna ya rage mugun ciwon da ƙwayar nimoniya ke sa ma yaran nan da kashi 84 cikin 100, magani mai araha haka. Asid folik don jiki ya samu abin ƙera sabon jini. Rigakafi duka na karne, wato katin asibitin yaro, kada ki tsallake ko ɗaya, na nimoniya da na sanƙarau su ne kan gaba, in likita ya ƙara wasu da ba su cikin na kyauta ki daure. Tun 2006 gwamnati ta sa kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, gaskiya ne wani lokaci za ki je a ce maganin ya yanke a miƙo miki ordonansi, amma duk da haka ki riƙa zuwa CSI ɗinku, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a san shi a san ki.

Palu kuma, wato zazzaɓin cizon sauro, kada wani ya ruɗe ki. Za ki ji ana cewa masu emasi sauro ba ya kama su, rabin magana ce anka ji. Mai AS ne ke da ɗan kariya daga palu mai tsanani, dalilin da ya sa S ɗin ya yawaita a ƙasashen sauro kenan. Mai SS kam palu na fasa mishi ɗan jinin da ya rage, damina ce lokacin da gadajenmu ke cika da su. Sange mai magani kowane dare har da rani, kuma in masu rabon maganin rigakafin palu sun fara zagaye gida-gida wajen watan Yuli zuwa Oktoba ki karɓa ki ba shi na kwana ukun cif, ba na ranar farko kaɗai ba a jefa sauran a kwalla.

Ruwa. Yanzu dai nono ne babba, ki ci gaba da ba shi har shekara 2 in da hali, da ruwa mai tsabta da kunu a kai a kai. In ya girma ya zama yaron da gora ba ta rabuwa da hannunshi. Ƙodarsu ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa, suna yawan fitsari, da yawansu na fitsarin kwance har su yi wayo, dan Allah kada a doke shi kuma kada a hana shi ruwa da dare don a tsira da tabarma, hana ruwan ne ke tada ciwo. Garinmu kuma kowane lokaci da nashi: watan Afrilu da Mayu zafi ya haura 40 jiki ya bushe, damina ga sauro ga dukan ruwa, lokacin ɗari ga iskar hunturu da asuba. A ɗari wanka da ruwan ɗumi in rana ta ɗaga, riga mai kauri, safa, hula. Kada ya kwana jikin fanka ko kilima kai tsaye, kada ya zauna da jiƙaƙƙen kaya. Gudawa ko amai in sun zo ki fara ruwan gishiri da sukari na leda nan take ki kai shi.

Ciwo in ya tashi ba zazzaɓi, ba fari, ba matsalar numfashi, kina iya farawa a gida: paracetamol daidai nauyinshi yadda likita ya rubuta, ruwa, tsumma mai ɗumi a wurin, tausa a hankali, ki rungume shi. Ƙanƙara ko ruwan sanyi a wurin ciwo ƙara toshewa suke. In bai lafa ba ki kai shi, akwai magunguna masu ƙarfi da ƙarin ruwa. Abin da nake roƙonki shi ne ki nisanci maganin 'yan tebur da masu yawo da shi a tire cikin rana. Diklofenak da ibuprofen in an mai da su abin sha kullum suna cin ƙoda da ciki, tramol ɗin kan titi kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki. A ɗaya gefen kuma, wanga da mu ma'aikata nake, babban mai emasi in ya zo shina murƙususu ya ce maganin kaza ne ke mishi aiki, sai a kalle shi a ce ɗan ƙwaya ne. Mutumin da ya shekara 20 da ciwo ai dole ya san sunan maganinshi. Mu ji tsoron Allah.

Abinci ba wani na musamman, abin gidanmu ne: wake, gujiya, zogale, rama, kuka, ƙwai, kifi, nama in an samu, fura da nono mai tsabta, lemu da mangwaro a lokacinsu. Suna ƙona abinci fiye da sauran yara don jikin kullum cikin ƙera jini yake, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Siro ɗin "ƙarin jini" mai sinadarin ƙarfe da kowa ke ba da shawara kada ki saya sai an auna an ce shina buƙata, ƙarancin jininshi ba na rashin ƙarfe ba ne, fashewa ƙwayoyin ke yi, wanda ake ma ƙarin jini da yawa ma ƙarfen taruwa yake ya yi mishi yawa a hanta da zuciya. Bisap da malta da madara ba laifi a sha, amma jan launi ba jini ba ne. Kuma ki tambayi likita lambar jininshi ta yau da kullum, wato awon emogulobin ɗinshi, ki haddace, yawancinsu tsakanin 6 da 9 suke zaune kuma suna harkarsu a haka, ba duk 7 ce ke son ƙarin jini ba, faɗuwa daga inda ya saba ita ce abin dubawa.

Akwai magani ɗaya da nake so ki tambaya da sunanshi, idroksiyure, a farmasi za ki ji ana ce mishi Hydrea ko Siklos. Aikinshi shi ne ya sa jiki ya koma ƙera irin jinin nan na jarirai da ya kare ɗanki a watannin farko. Ana iya fara shi tun daga wata 9. An daɗe ana cewa ko zai yi a Afirka ga palu ga tamowa, sai anka gwada shi a kan yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda, sakamakon ya fito a 2019: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, palu ma ta ragu da kusan rabi. Nan kusa da mu a Kano ma an yi bincike a kanshi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. In kin buɗe takardar cikin kwalin kina iya ganin an rubuta maganin ciwon daji ne, wato kansa, kada gabanki ya faɗi, asalinshi kenan amma awon da ake ba mai emasi dabam ne. Sharaɗinshi likita ne zai sa shi, a riƙa auna jini lokaci-lokaci, kuma ba a sha a bari a sha a bari. Matsalarshi a wurinmu kuɗɗi da samuwa, wanga kam ba zan ɓoye miki ba, amma ku lissafa da abin da kwanciya asibiti ke ci a shekara kafin ku ce ya fi ƙarfinku. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi, CNRD, in hali ya yi ko sau ɗaya ne ku kai shi a yi mishi cikakken awo a tsara muku yadda za a bi shi, sauran a ci gaba a nan Maradi wajen likitan yara.

Warkewa gaba ɗaya? Akwai, dashen ɓargo, yawanci daga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da jininsu ya dace, ana yi a waje da kuɗɗi masu yawa kuma shi ma da haɗarinshi. A 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani na gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, kuɗɗinshi ya haura dala miliyan 2 ta Amurka ga mutum ɗaya, kin ga wanga labari ne dai muke ji tukun. Bayan waɗannan duk wanda ya ce miki shina da jiƙo ko garin da ke mai da SS ya koma AA, a rediyo ne ko a mota mai lasifika ranar kasuwa ko a WhatsApp, kuɗɗinki yake so. Ciwon dama shina lafawa da kanshi ya yi watanni, sai mai magani ya ce aikinshi ne, in ya tashi ya ce kin karya sharaɗi. Wasu jiƙe-jiƙen ma gudawa suke sawa, wadda ita ce abin da muke gudu.

Ki nemi rukunin jinin yaro ki rubuta a bangon karne, ku san mutum biyu ko uku cikin dangi da abokai da za su iya ba da jini in ta ɓaci, don a damina bankin jini na yin ƙasa kuma ranar da ake nema ba ranar fara rarrashin mutane ba ce. An fi son jinin mai AA. Dangin mijin nan masu zargi ga inda za su nuna ƙauna.

In ya girma akwai sauran magana, zan dai taɓo ta sama-sama. Zai iya zama ƙarami a kan sa'o'inshi, balaga ta yi jinkiri, daga baya ya kamo. Ki sa shi lakwal, ki gaya ma mushe, wato malaminshi, ya bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari, ban da gwale-gwale da gudu cikin rana, amma kada ki mai da shi ƙwai, ya yi wasa ya yi aike kamar kowa. Azumi sai da shawarar likita, addini ya yi ma marar lafiya rangwame. Kuma tunda namiji ne ki sa babanshi ya gaya mishi tun da wuri, in gabanshi ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya ya faɗa, ya wuce awa 2 a tafi asibiti, don in ya kai awa 4 ana iya rasa mazakuta, kunya ce ke sa samari su ɓoye har a makara. Na san masu SS da sunka yi karatu, sunka yi aure, suna da ɗiyansu, wasu ma abokan aikinmu ne.

Haihuwa ta gaba kuma, in ku biyun AS ne, kowane ciki da lissafinshi: kashi 25 cikin 100 SS, 50 AS, 25 AA. Ba wai kin haifi ɗaya SS sai ukun da ke biye su tsira ba, kowane ciki sabon lissafi ne, akwai gidan da sunka jera uku SS akwai wanda sunka haifi bakwai ba ko ɗaya. Ba ni zan ce miki ki haihu ko ki bari ba, ba kuma zan ce a raba aure da ɗiya uku ba, wanga shawara ce taku ku biyu, ku je tare ku zauna da likita. Ra'ayina dai ki ba da tazara, yaron nan na buƙatar hannunki biyu har ya wuce shekarun nan masu haɗari, kuma duk jaririn da ya zo a gwada shi da wuri ba sai ya kumbura ba. In maigida zai ƙara aure ita ma amaryar ta yi elektiroforez, don S ɗinshi na nan tare da shi duk gidan da ya shiga. Jihar Kano ta kafa doka a 2024 ta tilasta gwaji kafin aure, mu a nan ko ba doka ƙannenki da nashi su yi tun ba a kai gaisuwa ba, balle inda ake auren gida. Ranar da za ku je gwajin ku tafi da yayyen nan biyu a yi gaba ɗaya, ki kuma riƙe takardar sakamakon ɗan ƙaramin ta asali, ki ɗauki hotonta a waya.